Daga Kakalaba zuwa Sassaben Zamani: Tarihin Yunwa da Itatuwa a Kudancin Nijar



Duk wanda ya shiga mota daga Maraɗi zuwa Damagaram, ya bi ta Agye da Gazawa da Tasawa, in ya duba gonaki dama da hagu zai ga itatuwa tsaye a cikin hatsi: gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa. Yawancinmu da aka haifa bayan 1990 muna ɗauka haka ƙasar take tun asali. Ba haka ba ne. Hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekarun 1970 sun nuna wurare da yawa a kudancin ƙasarmu fayau, sai yashi da ɗan itace nan da can. Iyayenmu ne suka mayar da itatuwan nan, ɗaya bayan ɗaya, a cikin shekaru arba'in ɗin da suka wuce.

Hausawa suka ce waiwaye adon tafiya. Tun da wannan ɗan littafi na tunawa ne, ya dace mu waiwayi tarihin da ya shafi tukunyar kowane gida: yadda ƙasar nan ta yi tsirara, yadda yunwa ta riƙa dawowa, da yadda aka fara samun mafita. Darasin da ke ciki ɗaya ne. Ruwan sama ba a hannunmu yake ba, amma ko fari zai zama yunwa ko ba zai zama ba, ya danganta da wanda ke da iko da gona, da itace, da rumbu, da kasuwa.

Kafin zuwan Nasara

Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautarta ya koma arewa, ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri. A tsawon ƙarni na 19 yaƙi da hari sun sa mutane sun matsu cikin garuruwa masu ganuwa da kwaruruka irin na Gulbin Maraɗi. Abin da ke tsakanin garuruwan kuwa daji ne, wanda sai maharba da makiyaya ke ratsa shi. Kada mu ɗauka zaman jin daɗi ne: akwai kamun bayi, akwai fari, akwai yunwa. Amma mutanen sun san ƙasarsu, kuma sun yi mata tsari.

Gida yana noma gandu ɗaya a ƙarƙashin maigida, mata da samari kuma kowa da ƴar gamanarsa. In an yi girbi, a zuba hatsin gandu a rumbu a rufe, ba a taɓa shi sai damina ta dawo, lokacin da ake bukatar ƙarfin yin noma. Mai hali yakan ajiye hatsin shekara biyu ko uku. Gona in ta gaji sai a bar ta ta huta shekaru, daji ya rufe ta, a koma wata. Bayan girbi Fulani su sauka a gona, shanu su ci kara su bar taki. Ayarin Abzinawa ya zo da gishirin Bilma da dabino, ya koma da hatsi.

Itace ma yana da mai tsaron sa. Tarihin baka na Damagaram ya ce Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya hana sare gawo, ya kuma sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya karya dokar. Dalilin a fili yake ga kowane manomi. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa. Ganyen da ya zuba taki ne. Da rani kuma ya yi kore, dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su ci ƴaƴansa su ƙara wa wurin taki. Shi ya sa hatsin gindin gawo yake fin na sauran gona.

Lanho, gujiya da dokar itace

Sojojin Faransa sun shigo a 1899, da ta'asar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a Birnin Ƙonni da ƙauyukan da ke kan hanyarta, kuma a wannan shekarar suka kama Damagaram. Nan ne hedikwatar mulkinsu har 1926, lokacin da suka mayar da ita Yamai. Da yaƙe-yaƙen sarakuna suka ƙare, mutane suka fita daga ganuwa suka bazu cikin daji suna kafa ƙauyuka. Sunayen garuruwa da yawa masu farawa da Gidan wane ko Garin wane suna tuna mana da mutumin da ya fara sare wurin.

Sabon mulkin ya zo da abubuwa uku da suka sauya zaman manomi. Na farko haraji, wanda tsofaffi suke ce wa lanho, kuma da kuɗi ake biyan sa. Wanda ba shi da kuɗi dole ya sayar da hatsi ko dabba, ko ya tura ɗansa ci rani. Ga kuma aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Da ruwa ya ƙi a 1913, aka faɗa yunwar da Hausawa suka sa wa suna Kakalaba, wadda ta kai har 1914. A 1931 fara da ƙarancin ruwa suka haɗu a yammacin ƙasa, wajen Yamai da Filinge da Doso. Dubban mutane suka mutu, alhali hukuma ba ta daina neman harajinta ba. Bayan nan Nasara suka tilasta wa kowane gari ya yi rumbun tsimi. Shawarar ba ta da laifi, amma da yake makullin yana hannun kwamanda da ƴan korensa, talakawa sun ɗauke ta a matsayin wani sabon haraji.

Na biyu gujiya, wato gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, don haka gujiyar Maraɗi da Magarya ta samu hanyar zuwa teku. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, suna ba ƴan kasuwar gida kuɗi su shiga ƙauye su sayo. Daga cikin waɗannan dillalai ne manyan alhazan Maraɗi na farko suka taso. Garin kansa ya sake fuska a wannan zamani: ambaliyar 1945 ta rushe tsohon birni da ke cikin kwari, aka koma kan tudu inda yake a yau. Gujiya ta kawo kuɗin biyan lanho, da na sutura, da na aure. Ta kuma cinye gonakin da a da ake bari su huta.

Na uku dokar daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Dokar ta sa daji da itatuwa masu daraja a hannun hukuma. Itacen da ya tsiro cikin gonar mutum, wanda kakansa ya bari, ya zama ba shi da ikon sare reshensa sai da takarda. A riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi.

Shekarun ruwa da abin da ya biyo baya

Shekarun 1950 da farkon 1960 shekarun ruwa ne. Manoma suka yi ta turawa arewa, cikin ƙasar kiwo, wajen Dakoro da Tanut, har gwamnati ta yi doka a 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba, dokar da ba a kiyaye ta sosai ba. Da aka samu mulkin kai a 1960 jama'ar Nijar ba su fi miliyan uku da ƴan kai ba, kuma gujiya ce ke riƙe da baitulmali: ita ke kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasa ke samu daga waje. Aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don ya riƙe cinikinta, kuma a kakar 1966 zuwa 1967 abin da aka saya ya kai wajen tan dubu 190.

Malaman gona na lokacin suna koya wa mutane cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, wadda aka tumɓuke kututturanta domin garmar shanu ta wuce. Jami'an gandun daji kuma suna cin tarar duk wanda suka samu ya taɓa itacen da doka ta kare, ko da a gonarsa ne. Dokar daji ta 1974 ta ci gaba da wannan tsari. To, a duba lissafin manomi. In ya bar gawo ya girma, ba nasa ba ne, ya jawo wa kansa tara ne kawai. In ya sare shi tun yana ƙarami lokacin sassabe, ba wanda zai tambaye shi. Dokar da aka yi don kare itace sai ta zama ita ke hana shi girma.

Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya, abin ya kai maƙura a 1973. Makiyayan arewa da yawa sun rasa mafi yawan dabbobinsu, suka kwararo kudu. A bakin Yamai aka kafa sansanin Lazare, inda dubbai suka zauna suna jiran taimako. A ƙauye aka koma ga anza, wadda sai an jiƙa ƴaƴanta kwanaki kafin ɗacin ya fita, da jiga, da ƙwayar ƙarangiya. A lura: yawancin abincin ranar wuya daga daji yake fitowa, dajin da aka riga aka sare. Maganar karkatar da kayan agaji ta yi yawa, kuma tana cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya hau. A 1975 cuta ta faɗa wa gujiya, farashinta a duniya ma ya riga ya sauka tun da Faransa ta daina tallafa masa. Daga nan gujiya ba ta sake komawa matsayinta ba. Wake ya maye gurbinta a gonaki da yawa, baitulmali kuma ya koma dogaro da yuraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙowa a 1971.

Gwamnatin Kunce ta ɗauki maganar itace da gaske. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. Aka farfaɗo da Samariya, matasa irinmu suka riƙa fita gayyar dashe, ƴan lekwal suka riƙa yin hutunsu suna dasawa. Wasu ayyukan sun yi nasara: layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya, wajen Buza, a 1975 sun tare iska sun ƙara amfanin gona. Amma mafi yawan abin da aka dasa bai rayu ba. A dasa da damina, a yi hoto, a watse. Rani ya zo, awaki su ci, gara ta ci, ba mai ban ruwa. Itacen gwamnati ne, itacen kowa, wato ba na kowa ba.

El Buhari

A 1984 damina ta lalace fiye da ta 1973 a wurare da dama. Abin da ya ƙara dagula lamarin ya zo daga kudu: a watan Afrilu na wannan shekarar gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a kuma buɗe su ba sai 1986. Ga mutumin Maraɗi ko Magarya ko Ƙonni, hanyar Katsina da Kano da Sakkwato ita ce mafitar ranar wuya: can ake kai dabba, can ake ci rani, can ake sayo masara da garin rogo. Da aka toshe ta, sai mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari. A watan Yuni 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai, abin da tsofaffin garin ba su taɓa gani ba. Kuɗin yuraniyom ma ya riga ya faɗi tun farkon shekarun 1980, gwamnati tana fama da bashi.

A watan Mayu 1984 aka yi babban taro na ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Abin da ya fito daga taron shi ne amincewa cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun mutanen karkara, su ne masu ƙasar. A wannan shekarar kuma aka fara aikin Keita a jihar Tawa, da taimakon Italiya, inda jama'a, yawancinsu mata saboda maza sun tafi ci rani, suka ɗauki duwatsu a ka suka yi shingayen tare ruwa a kan tsaunuka da fako.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

Wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda yake aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi, ya yi shekaru yana raba dashe yana ganin suna mutuwa. A 1983 ya lura da abin da kowa ke gani kullum ba tare da ya ɗauke shi komai ba: ƴan tsirran da ke fitowa cikin gonaki, waɗanda ake sarewa kowace shekara, ba ciyawa ba ne. Tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai, sun yi nisa cikin ƙasa inda akwai laima.

Dabarar ba ta da wuya. Lokacin sassabe, maimakon a aske kututturen duka, sai a zaɓi toho ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa a bari, a sare sauran, a rage rassan ƙasa. Tun da saiwar ta riga ta kafu, abin da dashe zai yi cikin shekara da shekaru, toho yana yin sa cikin biyu ko uku. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa, adda ko lauje ta isa. Wannan shi ne sassaben zamani.

Da farko manoma kaɗan ne suka yarda, maƙwabta suna yi musu dariya, wai ragwaye ne masu ƙazamar gona. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari, aka raya itatuwa wajen dubu 500. Da rabon ya ƙare, mutane suka sare kamar kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci, maƙwabtansu ma sun gani, daga nan abin ya riƙa tafiya daga gona zuwa gona ba tare da wani ya biya kowa ba.

Bai kamata a ɗora labarin duka a kan baƙo ɗaya ba, shi kansa bai ce shi ya ƙirƙiro ba. Barin itace cikin gona tsohuwar al'ada ce. A Magarya da Matamai da Mirya, inda jama'a suka fi cunkushewa, manoma da kansu suka koma rainon gawo, saboda gona ta yi kaɗan, ba halin a bar ta ta huta, taki na zamani kuma ya fi ƙarfin aljihu, balle bayan karyewar darajar sefa a Janairu 1994. A jihar Tawa kuma, manoman Illela da suka je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka dawo da gyararriyar dabarar tassa: a haƙa ramu a fako, a zuba taki, ruwa ya taru, a shuka. Filayen da aka yi watsi da su suka koma gonaki har ana sayen su.

Me ya sa abin ya kama a wannan karon? Babban dalili shi ne itacen ya koma na mai gona. A yankin Maraɗi an samu jami'an gandun daji sun sassauta, suka bar manomi ya mori abin da ya raina. Bayan rasuwar Kunce a 1987 da taron ƙasa na 1991, hannun hukuma ya yi sauƙi a karkara. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara ba manomi ƙarfi, sannan a watan Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar masa da haƙƙin itacen da ya raya a gonarsa. Garuruwa kuma suka yi nasu tsarin. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, an kafa kwamitin tsaro da ya haɗa maza da mata da wakilcin makiyaya, domin ɓarawon itace da dare yake zuwa, kuma mutum ɗaya ba ya iya tsare gonarsa.

Da masana, ciki har da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou, suka gwada tsofaffin hotuna da na tauraron ɗan adam a tsakiyar shekarun 2000, suka ƙiyasta cewa an raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, kuma hakan yana ƙara wa ƙasa kimanin tan dubu 500 na hatsi a shekara. A ƙauye ba a bukatar alƙaluma kafin a gane. Iskar farkon damina da take binne shuka har a sake shukawa sau uku ta ragu. Matan da ke yin tafiyar sa'o'i neman itacen girki suna samu a gonar gida. A Mirya ganyen kuka ya zama abin sayarwa da ake loda wa motoci.

2005: hatsi a kasuwa, yunwa a gida

Kada mu yi saurin cewa an gama. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a arewacin ƙasar noma. Gibin hatsin bai kai na 1984 ba, amma 2005 ta zo da wahala mai tsanani, kuma inda yara suka fi galabaita shi ne jihar Maraɗi, rumbun ƙasa. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta kula da yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a wannan shekarar. Hatsi na nan jibge a kasuwa, sai dai buhu ya kai wajen jika talatin a wasu wurare, farashin dabba kuma ya faɗi. Tsadar hatsi a Najeriya ta sa buhuna sun bi hanyar Dawanau ta Kano maimakon su shigo.

A nan aka ga wani ciwo da ya daɗe yana cin karkara. Ƙaramin manomi yana sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da tiya ta fi arha, domin ya biya bashi da hidimomin gida. Da bazara ya dawo ya sayi hatsin nan ninki biyu ko uku, ko ya ci bashi a kan amfanin da bai shuka ba tukuna, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani. In abin ya ci tura ya jinginar da gonar. Duk da haka, binciken da aka yi bayan nan ya nuna garuruwan da ke da itatuwa sun fi jurewa: sun sayar da itace da ganye da ƴaƴan itace sun sayi hatsi, dabbobinsu sun samu abin ci. Itace ba ya hana fari, amma yana ba gida abin da zai riƙe kafin sabon hatsi.

Abin da muka gada

Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 1988 miliyan 7, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17. Yau mun haura miliyan 25, kuma kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Ƙasar noma kuwa ba ta ƙaru daidai da yawan jama'a ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke raba ta. A kudancin Maraɗi akwai gidajen da ba su da ko hekta ɗaya, kuma waɗanda ake fara hana wa gona su ne mata da samari: gamanar da a da ake ba kowace mace ta ɓace a wurare da yawa. Shi ya sa ake ganin mata suna zuwa gaban malamai da alƙalai suna neman rabonsu na gado a gona, rabon da shari'a ta ba su amma al'ada ta daɗe tana dannewa.

Matsin ƙasa yana da haɗari. A watan Oktoba 1991, a Toda, kusa da Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara na Fulani. Wannan masifa tana cikin abin da ya sa aka ƙara ba da ƙarfi ga shata burtali da kafa kwamitocin kula da filaye. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga cikinsu mutanen Kance, ɗaya daga cikin yankunan da suka fi cunkoso a ƙasa. Wanda gonarsa ke ciyar da shi ba ya ɗaukar goyo ya shiga sahara.

Yanayin ma ya sake salo. A da tsoronmu rashin ruwa ne, yanzu har da yawansa a lokaci ɗaya. Ambaliyar 2024 ta kashe ɗaruruwa, ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi shan wuya, kuma a watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe. Ƙasar da ba ta da itace ba ta riƙe ruwa. Gudu yake yi a kanta, ya yanka kwazazzabai, ya faɗa cikin gari. Rufe iyakar Najeriya da aka yi bayan Yuli 2023 kuma ta tuna wa dattawa El Buhari, mu kuma ta nuna mana yadda farashin shinkafa da masara ke tashi cikin ƴan makonni.

To, mene ne namu a ciki?

Zanen aro ba ya rufe katara. An kashe kuɗi masu yawa a kan dashen da ya mutu, sannan abin da ya rayu ya fito daga adda da haƙurin manomi da ya tabbata cewa itacen nasa ne. Wannan ya kamata ya zama ma'auninmu duk lokacin da aka kawo mana wani shiri, na gwamnati ne ko na ƙungiya: wa zai mallake shi, wa zai kula da shi bayan an watse?

Akwai ayyukan da suke daidai ƙarfinmu. Na farko, mu zauna da dattawan gidajenmu tun suna raye, mu tambaye su sunan da garinmu ya sa wa kowace yunwa, me aka ci, ina aka gudu, wa ya taimaki wa. Mu ɗauka a waya, mu rubuta. Kowane yanki da nasa sunayen, kuma yawancinsu ba a rubuce suke ba. Na biyu, wanda gidansu ke da gona ya koyi sassaben zamani a hannun wanda ya iya, ya fita da kansa kafin damina. In mun yi dashen 3 ga Agusta kuma, kowane itace a san sunan wanda zai ba shi ruwa har ya wuce bakin akuya. Na uku, rassanmu na unguwa da ƙauye za su iya haɗa rumbun tsimi nasu: a sayi hatsi da kaka, a sayar wa mabukata da sauƙi da bazara, da littafin lissafi da kowa zai iya dubawa. Na huɗu, mu da muka yi karatu mu taimaki iyayenmu su yi takarda a gaban kwamitin filaye duk lokacin da aka sayar da gona, ko aka jinginar, ko aka raba gado, kuma mu tsaya a ba ƴan'uwanmu mata rabonsu. Wanda yake zaune a Yamai ko Tawa kada ya ce ba ruwansa: itacen da ake dafa masa tuwo da shi daga dajin wani ƙauye aka saro shi.

Iyayenmu sun karɓi ƙasa tsirara a 1984, cikin yunwa, ba kuɗi, ba injina, suka miƙo mana ita da itatuwa miliyan 200. Ba a fafe gora ranar tafiya: fari zai sake zuwa, kamar yadda ya zo a 1913 da 1931 da 1973 da 1984 da 2004, kuma abin da zai tarar a gonakinmu da rumbunanmu shi ne abin da muka tanada tun yanzu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.